Tsakar Gida Ta Ishe Mu Motsa Jiki

A Bauchi, in aka ce motsa jiki, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne samarin da ke sassarfa da sassafe a kewayen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, ko yaran da ke neman shiga soja, ko 'yan ƙwallon unguwa masu burin wata rana Wikki Tourists ta ɗauke su. In an matsa, a tuna da gidajen motsa jiki na kuɗi, inda ake biya duk wata. Ba ni da ja da ko ɗaya. Damuwata ita ce mutanen da jikinsu ya fi buƙatar motsi ba sa cikin wannan lissafin sam: ɗan kasuwar da ke zaune a shagonsa a Wunti daga hantsi har isha'i, ma'aikacin da ya tsufa a kan kujera ɗaya a sakatariya, tela, direba, da kuma, fiye da kowa, matar aure da ke cikin gida. Waɗannan ba za su je filin wasa ba, ba za su biya kuɗin wata ba, kuma a ganina ba sai sun yi ba. Abin da suke buƙata yana samuwa a tsakar gida, da kujera ɗaya da tabarma da bangon ɗaki. Abin da ya rage mana shi ne mu daina kallonsa a matsayin wasan yara ko kwaikwayon Turawa, mu sa shi cikin ayyukan gida na kullum.

Iyayenmu mata ba su taɓa ware lokacin motsa jiki ba, domin yininsu kaf motsi ne. Mahaifiyata kan tashi ta ja ruwa a rijiya, guga bayan guga, sai randuna sun cika. Ta surfa gero, ta bakace, ta daka, ta tankaɗe, ta mayar da tsaki turmi ta sake ɗaukar taɓarya. Ta faskara itace in ba a bar faskararre ba, ta tuƙa tuwon gida guda da muciya har gumi ya jiƙa mata ɗankwali. In ana suna a Jahun ko biki a Ƙofar Ran, da ƙafa za ta je, da goyo a baya. Yau injin niƙa yana bakin kowane layi, 'yan garuwa suna kawo ruwa har ƙofa, ga gas ga gawayi, ga Keke Napep ko nan da can za ka. Ni ba na cikin masu kukan cewa hutu ya lalata matan yanzu. Waccan wahalar ta karya bayan iyayenmu da yawa, ta tsofar da su kafin lokaci, kuma sauƙin da aka samu rahama ce. Sai dai motsin da ya tafi ba a maye gurbinsa da komai ba, abinci kuwa yana nan, har ya ƙaru da taliya da farar shinkafa da burodi da lemon kwalba. Matar gida ta yau tana gajiya ƙwarai, ga tsayuwa a kicin, ga wanki a duƙe, ga hidimar yara. Amma gajiya daban, motsin da ke sa zuciya da huhu su yi aiki daban. Mutum na iya yini yana galabaita, numfashinsa bai ɗaga ko sau ɗaya ba.

Abin da zama ke yi wa jiki ba sabon labari ba ne a wurin likitoci. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma in ya kama su ya fi saurin kai su kabari. Haka ya gani tsakanin masu raba wasiƙa da ƙafa ko a keke da abokan aikinsu da ke zaune a ofis. Sama da shekara 70 ke nan ana ta ƙara bincike, kuma duk maganar ɗaya ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa samun motsin da ya kamata. Mata sun fi maza shiga wannan sahu, su kashi 34, maza kashi 29.

Mu ba ma sai mun jira alƙaluma ba. Ranar da ake ganin masu hawan jini da ciwon suga, leƙa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ka ga jama'a. Ko ka ƙirga gidaje nawa ne a unguwarku ke da mai shanyewar ɓarin jiki a kwance, mutumin da jiya-jiya yake da ƙarfinsa, ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki ko a bakin shago, aka ce iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa. Sau da yawa hawan jini ne ya yi shekaru yana cin sa, ba ciwon kai ba jiri, ba a kuma taɓa aunawa ba. Ban ce rashin motsi ne kaɗai sanadi ba. Akwai gado, akwai gishiri da dunƙulen da muke antayawa a miya, akwai damuwar rayuwa. Amma cikin abubuwan da ke hannunmu, motsi ne wanda ba ya cin ko kwabo.

Yadda yake aiki ma ba wani sirri ba ne. Tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga cikin jini ta ƙona shi, kuma bayan an gama takan ci gaba da amsa kiran insulin, sinadarin jiki da ke saukar da suga, da kyau har washegari. Shi ya sa tafiyar minti 10 ko 15 bayan tuwon dare take rage yadda suga ke hauhawa. A Amurka, wani babban bincike da aka wallafa a 2002 ya bi mutum sama da 3,000 waɗanda sugansu ya kai bakin iyaka. Waɗanda aka sa su motsa jiki minti 150 a mako su kuma rage ƙiba kaɗan, kamuwarsu da ciwon suga ta ragu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka bai wa ƙwayar maganin suga ta metformin ta ragu da kashi 31. Mai hawan jini kuma da ya riƙe tafiya a kai a kai, lambar sama ta awonsa kan sauka da maki 5 zuwa 8. Wannan ba hujja ba ce ta ajiye magani, kada ma a fara, amma sauƙi ne na gaske.

To me ya hana mu? A ganina makaranta tana da kaso babba. Yaron da ya makara tsallen kwaɗo ake sa shi, wanda ya yi surutu kamun kunne, wanda ya yi faɗa a ce ya zagaye fili sai ya faɗi. Mun tashi jikinmu ya haddace cewa tsugunno da miƙewa horo ne da ake yi wa mai laifi. Wasannin da suka riƙe jikinmu muna yara kuwa, langa da kokawa da tsere, gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya, dandalinsu ya mutu, waya ta gaje shi. Sai kuma batun girma. Dattijo mai babbar riga ba ya sauri, balle gudu, in aka gan shi yana kaɗa hannu a titi sai an tare shi an tambaya ko lafiya. Wanda ya fi yi mini ciwo dai shi ne yadda muka mayar da tumbi shaidar arziki, ƙiba kuma shaidar miji yana riƙon matarsa da kyau. Amarya ta yi wata shida ba ta ciko ba, dangi sun fara tsegumi. Har ta kai 'yan mata suna sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe a kemis, cikinsu har da dexamethasone, maganin da ke kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi in an daɗe ana sha. Mu ne muka ɗora musu wannan ma'aunin, mu ne kuma ya kamata mu sauke musu shi.

Na san abin da wani zai ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa da ƙafa suke shigowa gari daga Yelwa ko Fadaman Mada, ba don neman lafiya ba, don kuɗin mota ya gagara. Wanda bai karya ba za ka ce wa ya yi atisaye? Maganar tana da nauyi, ba kuma zan yi mata riƙon wasa ba. Ɗan dako a kasuwar Muda Lawal, mai tura kurar ruwa, leburan gini, ba da su nake ba. Su abin da suke buƙata abinci ne da hutu, da sanin yadda ake ɗaga kaya da ƙafa maimakon da baya. Motsin aiki da na tafiya duk a cikin lissafi suke. Amma talauci ba ya hana zama. Mai ƙaramin kanti, mai cajin waya, mai POS, maigadi, ɗan acaɓa da ke kan babur yini guda, duk talakawa ne, duk kuma a zaune suke. Manomi kansa da damina yake aiki, da an gama kaka sai majalisa a gindin bishiya har ruwa ya sake sauka. Kuma talaka ne ciwon suga da shanyewar jiki suka fi kassarawa, tunda shi ne ba shi da kuɗin magani duk wata, balle na wankin ƙoda. Hawan jini ma ba ya duba jiki, siriri yana kamuwa kamar yadda mai teɓa ke kamuwa.

Abin da ake nema a wurin babban mutum ba shi da yawa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2020 ta ce minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan a ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da abin da ke gyara tsayuwa, kada ya riƙa faɗuwa, kwana 3 a mako. Yara kuwa minti 60 kullum. Minti 150 ɗin nan rabin sa'a ne sau biyar, kuma ba dole a yi shi a zama ɗaya ba, guntu-guntu ma yana shiga lissafi. Gane matsakaicin motsi ba ya buƙatar na'ura: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, to ka kai.

Ni nakan ɗauki tsarin kamar duwatsun murhu, in ɗaya ya rasa tukunya ba ta zama. Dutse na farko shi ne abin da ke ɗaga numfashi, kuma babu kamar tafiya da sauri. Mai zuwa masallaci ya zaɓi wanda ya ɗan fi nisa da asuba, ya dawo ta wata hanyar. Mai shago ya sauka daga Keke kafin a iso, ya ƙarasa da ƙafa. A cikin gida kuma, in tsakar gidan ƙarama ce, a riƙa kai da kawowa, ko a tsaya wuri ɗaya ana taku ana ɗaga gwiwa ana kaɗa hannu, ko a riƙa hawa da sauka a dakali ko matakalar farko ta bene. Mai ƙuruciya da lafiyar gwiwa ya ɗauko igiya. Minti biyar na farko a yi su a hankali jiki ya ɗumama, haka ma na ƙarshe. Wanda ya shekara bai yi komai ba, minti 10 sun ishe shi a makon farko, ya ƙara biyar a mako na gaba.

Dutse na biyu shi ne ƙarfin tsoka, kuma shi muka fi sakaci da shi, muna ganin na samari ne masu son ƙirji. Su ma samarin rabi suke yi. Za ka gan su a lungu da gwangwanaye biyu da aka cika da siminti aka soka rodi, kullum hannu da ƙirji, an manta da ƙafa da baya. Alhali tun daga wajen shekara 30 tsoka ke fara raguwa a hankali ga wanda ba ya aiki da ita, kuma ƙafa ce ke fara tona asiri. Ga abin da zan so kowa ya gwada. Jingina kujera mai ƙarfi da bango, ka zauna, ka miƙe ba tare da ka dafa ba, ka koma a hankali kamar ba ka son kujerar ta ji ka, sau 8 zuwa 12. Sannan ka fuskanci bango, ka ja baya taku ɗaya, ka dafa shi da tafin hannu biyu daidai kafaɗa, ka kai ƙirji kusa ka ture kanka baya. In wannan ya zama wasa, ka koma dafa tebur, daga nan ƙasa a kan gwiwa. Ka kwanta rigingine a tabarma, ka naɗe gwiwa, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe kaɗan ka sauke, wannan abokin masu ciwon baya ne. Don bayan kafaɗa kuma, ka dafa kujera da hannu ɗaya, baya a miƙe, ka jawo jarkar ruwa zuwa ƙugu da ɗayan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka kai za ka yanka wa kanka nauyi, daga gorar lita ɗaya da rabi zuwa jarkar lita biyar. A ƙarshe ka kifa, ka ɗaga jiki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, ka ƙirga goma sha biyar. Ka zagaya su duka sau biyu, bai wuce minti 20 ba. A bar aƙalla kwana ɗaya a tsakani, misali Litinin da Alhamis, domin a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa. Abu ɗaya da za a kiyaye: kada a riƙe numfashi ana yunƙuri, musamman mai hawan jini, a fitar da iska lokacin da ake turawa ko ɗagawa.

Na ukun gajere ne. Bayan jiki ya ɗumama a miƙar da bayan cinya da sharaɓa da ƙirji da wuya, a riƙe kowanne sakan 20 zuwa 30 ba tare da fizga ba. Tsofaffi kuma su tsaya kusa da bango su ɗaga ƙafa ɗaya, su yi tafiyar diddige na taɓa yatsa a kan layin siminti. Duk wanda ya yi jinyar tsohuwar da ta zame ta karya ƙugu ya san abin da wannan ƙaramin aikin yake tsarewa.

Yayata ce ta sa na fara kallon wannan batu ta fuskar mata. An auna ta a asibiti aka ce sugan nata ya kai bakin iyaka, ta rage zaƙi ta riƙa tafiya. Na je gaishe ta na tarar ta ajiye takardar a kan firji ta ci gaba da harkarta. Na ce, "Yaya, ai likita ya ce ki riƙa tafiya." Ta ce, "Auta, ina zan je? In zumbula hijabi in hau titi ina sauri, kafin in kai bakin layi an kira Alhaji an ce ba lafiya." Gaskiyarta. Sai muka auna tsakar gidan, daga ƙofar kicin zuwa bakin zaure, muka ga ta isa. Ta fara bayan sallar asuba kafin yara su tashi, takalmin ɗanta na makaranta a ƙafarta, tana zagaye turmi da igiyar shanya, rediyo na magana a kan taga. Matar da suke haya tare ta leƙo ta yi dariya, ta ce, "Maman yara, me ya ɓace miki kike nema?" Ba a daɗe ba ita ma ta ɗaura zani ta shigo layi. Ba zan ce Yaya ta warke daga wani abu ba, tana nan tana zuwa awo. Abin da ta faɗa mini da bakinta shi ne yanzu tana miƙewa daga zaman tahiya ba ta dafa bango, kuma barci yana ɗaukar ta da wuri.

Amma da mijinta ya ce bai yarda ba, ko ya mayar da abin na zolaya, da tuni an gama. Nan ne nake so mu maza mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Mu muna fita, ko ba mu yi niyya ba muna taka ƙasa, kasuwa, masallaci, jana'iza, ɗaurin aure. Ita kuwa da muka ce ta zauna a gida, duniyarta ba ta wuce taku ashirin ba, ga haihuwa a kai a kai. In ta kai arba'in gwiwa ta riƙe, jiki ya yi nauyi, sai mu ce ta saki jikinta. Addini bai hana ta motsi ba. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma shi ne ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka. Masu cewa ai sallah ma motsa jiki ce, sallah ibada ce, kuma ba shakka ruku'u da sujada suna sa gaɓoɓi ba sa sandarewa, amma ba ta ɗaga numfashi na tsawon lokaci. Ni ta ɗaya gefen nake kallon abin: ƙarfin ƙafa ne zai bar ka ka ci gaba da sallah a tsaye in ka tsufa. Mutum zai yi shekaru yana tara kuɗin kujerar Makka, bai taɓa tunanin sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3 ba, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Mai ciki ma, in babu wata matsala da likita ya gani, ƙa'idar nan ta minti 150 ta shafe ta, tafiya a hankali tana yi mata amfani, ba kwanciya kawai ba.

Abin da ya fi kashe niyyar masu farawa gaggawa ce. Mutum ya ga hotonsa na bikin sallah, ransa ya ɓaci, washegari ya fita gudu sai ka ce ana korar sa, kwana biyu ya kasa tsugunno, shi ke nan an rufe babi sai baɗi. Wasu kuma su naɗe ciki da leda ko su sa rigar roba cikin zafin Afrilu wai kitse ya narke. Gumi ruwa ne da gishiri, da ka sha ruwa nauyin ya dawo, abin da ka jawo wa kanka kawai jiri ne da wahalar da ƙoda. Haka shayin rage tumbi da ake tallarsa a Facebook da TikTok, da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa. Kuma babu wani motsi da ke zaɓar kitsen ciki ya ƙona shi shi kaɗai, ko sau ɗari za ka naɗe ciki kullum, jiki daga ko'ina yake ɗiban kitsensa. Hadisin da ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, a kan ibada ya zo, amma jiki ma haka yake so. Ɗan tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan an fara ba komai ba ne, yana wucewa. Zafi mai suka a cikin gaɓa kuwa, wannan alama ce ta a dakata.

Akwai waɗanda ya kamata su fara ganin likita tukuna: mai ciwon zuciya ko ƙoda, wanda jininsa ya hau sosai bai sauka ba, mai cikin da ke da matsala, wadda aka yi wa tiyatar haihuwa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko ƙwayar da ke saukar da suga ya riƙa ajiye dabino ko sukari kusa, kada ya yi tafiya ba takalmi, ya duba tafin ƙafarsa bayan ya gama. Mai sikila ya yi a hankali, ya sha ruwa sosai, ya guji rana da wuce gona da iri. Kowa kuma, in ya ji ƙirji ya matse ko yana zafi, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe ba kamar yadda aka saba ba, ya tsaya nan take a nufi asibiti. Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu sai da asuba ko bayan rana ta yi sanyi. Da hunturu, mai asma ya yi a cikin ɗaki saboda ƙura. Da azumi a rage, a yi mai sauƙi dab da shan ruwa ko bayan asham.

Batun rage ƙiba kuwa, gara a faɗi gaskiya: motsi kaɗai ba ya sauke nauyi da yawa in faranti bai canza ba. Kwalbar lemo ɗaya ta 35cl tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara, rabin sa'ar tafiya da ƙyar take biyan wannan bashin. Ba na cewa ɗan Bauchi ya bar masa, wannan ba mai yiwuwa ba ne. Ya rage adadi, ya ƙara ganye da wake, ya rage sukarin shayi, ya daina cika ciki da tuwo ya kwanta nan take. Amma ko sikeli bai motsa ba, zuciya da suga da barci suna amfana, don haka kada sikeli ya karya wa kowa gwiwa. Akwai awon da ya fi shi sauƙi: yanki zare daidai tsawonka, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka ta wajen cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne kitsen da ya fi haɗari.

Duk da na ce abin na gida ne, hukuma da malamai suna da rabonsu. Makarantu su daina horo da tsallen kwaɗo, su dawo da darasin wasanni na gaske, har da 'yan mata. A daina yanka filayen unguwa ana gina shaguna, a kuma bar wa masu tafiya gefen titi. Ranar awo da ranar rigakafi a ƙananan asibitoci mata ke cika benci suna jira, minti biyar sun isa ma'aikaciyar lafiya ta nuna musu zauna-tashi da turin bango. Gidajen rediyonmu, BRC da Globe da Albarka, ana jin su a kowane kicin da safe, shirin minti 10 da murya ke ƙirga wa mata taku zai shiga gidajen da ba wani mai horarwa da zai taɓa shiga. Islamiyyun matan aure kuwa su ne suka fi kowa dama, mata ne zalla, cikin katanga, da amincewar mazajensu. Liman ɗaya ya ambaci hawan jini da tafiya a huɗubar Juma'a, ya fi fosta dubu.

Sai dai rabin sa'ar nan ba daga sama za ta faɗo wa matar gida ba. Lokacin da ya fi dacewa, bayan asuba, shi ne lokacin da jariri ke kuka, ruwan wanka na kan wuta, ana neman safar makaranta. Maigida da ya dawo daga masallaci yana iya karɓar yaron, ya duba tukunyar, ya ce wa manyan yaran su shirya kansu. In gidan haya ne mai mutane da yawa, ya yi magana da sauran mazan a ware wa matan tsakar gida na wannan lokacin, kada samari su riƙa giftawa. In kuma unguwar tana da lafiya, bayan isha'i ya ce ta sa hijabinta su taka tare zuwa ƙarshen layi su dawo, shi ma nasa minti 150 ɗin suna jiran sa.